Yaro ya zane bango da kujera da kirayon: kananzir zan sa ko Hypo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara uku ya samu kwalin kirayon ɗin yayarsa, wanda yara ke ce wa kala, ina kicin ya bi bangon falo da hannun kujera ya zane su. Na sa soso da omo na dirje bangon, fentin ya fita amma zanen yana nan. Gidan haya muke, ƙarshen wata mai gidan zai zo. Abbansu kuma ya ƙwace wani guntu ya jefa a aljihun farar shaddarsa, ya manta rigar a mota, ya narke a ciki. Ga yunifom ɗin yayar duk ja da shuɗi. Maƙwabciyata ta ce in sa kananzir, wata ta ce Hypo. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya shirya. Kafin komai ki ajiye soson nan, ki bar bangon ya bushe, ki kuma ɗauke shaddar ki ɓoye kada wani ya kai ta guga. Na daɗe ina sana'ar wanki da guga da kuma gyaran gidaje bayan 'yan haya sun tashi, kuma a irin wannan aiki ɓarnar mai gogewa takan fi ta yaron. Garin neman gira ake rasa ido.

Dalilin da omo ya kasa shi ne kirayon ba datti ba ne irin wanda ruwa ya sani. Kyandir ne aka zuba wa launi. Jikinsa farafin ne, irin kakin da ake tacewa daga ɗanyen mai, sai garin launi da aka cakuɗa a ciki. Tun 1903 da kamfanin Binney & Smith na Amurka ya fito da kwalin Crayola na farko mai kala takwas, haɗin bai canja sosai ba. Ki ɗiga ruwa a jikin kyandir ki gani: zai dunƙule ya gangare, ko jiƙa shi ba zai yi ba. Abin da ya faru a bangonki ke nan. Ruwan omo ya silale ta kan zanen, ya samu fentin da ke gefe wanda shi yana jin ruwa, ya cinye shi.

Don haka aikin hawa biyu ne. A fara raba kakin da wurin, sannan a bi launin da ya saura da sabulu. Wanda ya fara da sabulu ya fara daga ƙarshe. Shi kuma kakin abu uku yake ji. Sanyi yana sa shi ya yi tauri ya ɓanɓare. Zafi yana narkar da shi: yana fara laushi wajen digiri 40, kafin a kai 65 ya zama ruwa, shi ya sa na aljihun Alhaji ya narke, domin motar da aka rufe a ranar Kano a watan Afrilu cikinta na iya haura digiri 60. Na uku shi ne mai, kowane iri, domin mai ɗan'uwansa ne, yana shiga jikinsa ya sassauta shi. Wanda za ki zaɓa cikin ukun ya danganta da tambaya guda da za ki yi wa duk abin da aka zana: wannan abin yana tsotsa, ko ba ya tsotsa?

Abin da ba ya tsotsa ba shi da wahala. Tayil, gilashi, madubi, ƙofar firij, ƙyauren ƙarfe, ledar ɗaki, kujerar roba, duk ki ɗiga man gyaɗa ko ki lakuto basilin a tsumma, ki murza, ki bar shi minti biyu ko uku, za ki ga zanen ya zama kamar kwalli. Ki share, ki bi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Idan a ƙasa ne ki wanke sau biyu, kada tsohuwa ta zo ta zame. Layin farin simintin da ke tsakanin tayil shi yana tsotsa, sai tsohon buroshin haƙori da makilin fari. Katakon da aka yi wa fanish, irin gado da durowa da teburin falo, shi ma basilin ya ishe shi. Kada ki yarda wani ya kawo miki tina ko ruwan goge jan farce, za su cire zanen su haɗa da fanish ɗin. Fuskar talabijin ta bango kuwa ba a sa mata komai cikin waɗannan: a kashe ta, a samu tsumma mai laushi irin na goge tabarau, a ɗan danshe shi, a bi a hankali ba dannawa.

To, bango. A nan zan daɗe, don shi ne zai haɗa ki da mai gidan.

Ki je bayan kujera inda ba a gani, ki jiƙa yatsa ki goga. Idan yatsan ya fito da kalar bangon kamar alli, fentin ruwa ne, emulshan, kuma daga bayaninki na tabbata shi ne. Yawancin gidajen haya ma mai arha ake sawa a tsinka shi da ruwa sosai. Idan kuwa bangon yana sheƙi, yatsan ya fito tas, fentin mai ne, ki bi da shi yadda kika bi da tayil.

Emulshan yana tsotsa kamar tukunyar ƙasa, kuma a nan ne shawarar maƙwabciyarki take zama matsala. Ba ƙarya ta yi ba, kananzir yana narkar da kirayon, ai daga rijiya ɗaya suka fito. Sai dai idan ya narkar da shi, bangon ne zai shanye su duka biyun. Na taɓa yin wannan kuskuren ina sabon shiga, a wani gida da aka kira mu gyara. Zanen mota ne da jan kirayon, bai fi tafin hannu ba, a bango ruwan madara. Na jiƙa tsumma da kananzir na goga, nan take layukan suka ɓace, har na fara murna. Kafin la'asar wurin ya zama wani faffaɗan tabo mai ruwan hoda kamar girman faranti, gefensa ya yi duhu kamar taswira. Muka shafa sabon fenti, kwana biyu tabon ya sake ɓullowa ta cikinsa. Sai da aka kankare wurin har plasta. Gyaran gangar Auzinawa sosai. Tun daga ranar ba na kusantar emulshan da kananzir ko man gyaɗa ko basilin ko WD-40, wato man fesawar nan na sassauta tsatsa, duk da a intanet za ki ga ana ta yabon WD-40 ɗin. Masu yabon bangonsu fenti mai santsi ne wanda ake wankewa, ba irin namu ba.

Abin da ke aiki a emulshan shi ne a ɗauke kakin a bushe. Ki samu tsohon katin ATM ko bayan wuƙar roba, ki kwantar da shi ki ture inda kirayon ya yi kauri. Sannan ki ɗauko kilinar fensir, farar mai laushi, ki bi layin zanen kaɗai, kina goge bakinta a takarda duk lokacin da ya yi kala, in ba haka ba ita za ta riƙa shafa miki. Wannan kaɗai yakan ɗauke fiye da rabi. Idan kina da abin busar da gashi kuma akwai wuta, ki hura iska mai ɗumi daga nesa kamar tsawon hannu, da zanen ya fara ƙyalli ki danna farin tishu a kai ki ɗaga. Dannawa ake yi a ɗaga, ba jan hannu, kuma kowane dannawa da sabon wuri a jikin tishun. Abin da ya rage ki dama bekin soda da ɗan ruwa ya yi kauri kamar kunu, ki lakuta a tsumma mai laushi ki zagaya a hankali, ko ki yi da makilin fari, ba mai ruwa-ruwan nan shuɗi ba. Su biyun goga ce mai laushi, kuma suna cin fenti kaɗan-kaɗan, saboda haka da kin ga kalar bangon ta fara bin tsumman ki tsaya.

A nan sai na ja kunne, don na ga an yi. Bekin soda na masu kek nake nufi, wanda ake sayarwa a shagon kayan fulawa. Ba sodar haɗa sabulu ba. Waccan tana ƙona fata, idan ta fantsama a ido tana iya makantarwa, kuma ba ta da abin yi a ɗakin da yara ke wasa.

Inda kika riga kika dirje har fentin ya fita, babu dabarar da za ta maido shi, sai sabon shafe. Amma kada mai fenti ya zo ya shafa a kan zanen kai tsaye, ko da ya ce hannu biyu zai rufe. Fentin ruwa ba ya kama kaki. Zai janye daga kan layin, ya bushe, zanen yaron ya fito miki ta ƙasa kamar an yi da gangan. A kankare kakin tukuna, a bi da samfefa mai laushi, a shafa andakot na mai, wato fentin shimfiɗa da ake fara sawa, a wurin, ya bushe kwana guda, sannan emulshan. Ki ɓanɓaro ɗan ɓawon fentin daga wani lungu a kai wa mai haɗa kala, kuma ki sani fenti yana canja fuska idan ya bushe, a gwada a ɗan wuri a jira. Ni shawarata a shafe bangon guda daga kusurwa zuwa kusurwa. Faci a tsakiyar bango, komai ƙwarewar mai haɗa kala, da rana ta shigo ta taga za a gan shi, kuma idon mai gidan haya can yake fara sauka. Idan bangon mai ƙurji-ƙurjin nan ne, teskot, kirayon yana shiga ramukan, ki gwada buroshin haƙori a bushe, amma yawanci ƙarshenta fenti ne. Farar ƙasa ita ce mai sauƙin kai: a kankare a sake shafawa. Abu ɗaya game da samfefa: idan tsohon fentin mai ne za a goge, a jiƙa wurin kada ƙura ta tashi, a fitar da yara, domin tsofaffin fentin mai da yawa suna ɗauke da dalma, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010.

Kujera kuma ba ki faɗi irinta ba. Idan ta leda ce ko fata, ɗan basilin a yatsa, a share, a bi da tsumma mai ɗan sabulu, a tsane. Kada a sa sipirit, yana busar da ledar ta fara ɓarewa. Idan ta yadi ce ko karan-miski, to tana tsotsa, ga soso a ƙarƙashi yana jiran duk abin da kika zuba. Ki kankare da cokali, ki kaɗa sabulun wanke-wanke a ruwan ɗumi har ya yi kumfa, ki ɗebi kumfar kaɗai da farin tsumma, kina dannawa daga gefen zanen zuwa tsakiya don kada ya faɗaɗa. Idan launi ya tsaya, sipirit na kemis a auduga, bayan kin gwada a bayan kujerar kin ga bai ɗauko kalar yadin ba. Ki sa fanka ta busar da wurin. Kujerar da aka yi wa ambaliya da ruwa, sati guda za ki ji tana warin tsami. Kafet da darduma haka ake musu, sai dai a yi hattara da dutsen guga a kansu, yawancinsu zaren roba ne, yana narkewa ya bar tambari.

Yanzu shadda. Labari mai daɗi shi ne shadda auduga ce, tana jure aiki. Matsalarta sheƙin. Wannan ƙyallin matsi ne da aka yi wa fuskar yadin, kuma idan kika dirje wuri ɗaya da buroshi, tabon zai fita amma wurin zai dushe ya fita daban da sauran rigar. Saboda haka yatsa kawai, ba buroshi.

Ki juyo aljihun waje. Ki sa ƙanƙara a leda ki ɗora a kan dunƙulen, ko ki naɗe rigar ki tura firiza kamar rabin awa. Idan ya yi tauri ki lanƙwasa wurin, za ki ji yana ƙas-ƙas yana tsagewa, ki ture ɓarɓashin da bayan cokali a kan takarda, ki zubar nan take kada a taka. Duk abin da kika cire a wannan mataki riba ce, domin ya fita da launinsa gaba ɗaya. Sannan ki shimfiɗa farin tishu ninki huɗu ko biyar a ƙasa, ki kifa tabon a kansa, ki ɗora wani a sama, ki sa dutsen guga a ƙaramin zafi. Ki ɗora ki ƙirga biyar ki ɗaga. Za ki ga tishun ƙasa ya yi tabon maiƙo mai kala. Ki canja shi, ki sake. Sau takwas, sau goma, har tishun ya daina ɗaukar komai. Wanda ya ƙi canja tishu yana mayar da kakin cikin rigar ne da hannunsa. Ki tabbata kin raba aljihun da jikin rigar yayin wannan aikin, kada narkakken ya ratsa zuwa gaba. Jarida ba ta yi, tawadarta za ta hau farin yadi. Idan dutsen gawayi gare ki, wanda ba shi da maɓallin rage zafi, ki bar shi ya huce har ya zama idan kin yayyafa masa ruwa ba ya yin cuu da ƙarfi. Zafi mai yawa yana tura launin cikin zare.

Bayan nan ki ɗiga sabulun wanke-wanke irin su Morning Fresh a wurin ba tare da ruwa ba. An yi shi ne don ya kama maiƙo, shi ya sa ya fi omo a nan. Ki murza da yatsa, ki bar shi minti goma sha biyar, ki ɗauraye da ruwa mai zafin da hannu zai iya jurewa, kina zubawa ta bayan tabon. Sai ki wanke rigar duka, har da wandon, don su tafi fuska ɗaya. Idan ta bushe ki duba ta a hasken rana kafin a sa sitaci ko a kai guga ko wajen masu bugu. In akwai sauran inuwa, musamman idan kirayon ɗin ja ne, wanda a gogewata ya fi kowanne taurin kai, ki ɗiga haidirojin na wanke ciwo a wurin, ko ki jiƙa rigar a maganin cire tabo na Vanish, ki sake wankewa. Idan kuma kin duba kin ga ɓarnar a jakar aljihun ta tsaya, ba ta ratso fuskar rigar ba, kada ki wahalar da kanki, tela zai farke ya sa sabon aljihu da kuɗi kaɗan. Duk wannan na farar shadda ne. Rinanniya, irin galila, tana zuba, ba a sa mata haidirojin sai an gwada a cikin kalmasa.

Hypo da Jik fa? Ba sa narkar da kaki ko kaɗan. Launin yana lulluɓe cikin kakin, ruwan bilic ba zai kai gare shi ba, sai ya cinye kalar yadin da ke kewaye, ki samu zanen yaron a tsakiyar farin fili. A farar auduga zalla, bayan kaki ya fita tsaf, ana iya tsinka shi sosai a ƙarasa da shi. A yunifom mai kala kuwa kul. Kuma kada a taɓa haɗa shi da ruwan wanke masai irin su Harpic, haɗin yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi.

Yunifom ɗin yayar ba ya buƙatar guga, tunda zane ne ba narkewa ba, kakin kaɗan ne kuma a sama yake. Guga ma za ta ƙara shigar da shi. Yawancin yadin makaranta tetiron ne, haɗin auduga da roba, kuma zaren roba yana riƙe maiƙo, don haka kada ki sa masa man gyaɗa, za ki cire kala ki bar tabon mai. Sabulun wanke-wanke a bushe, buroshin haƙori ta bayan yadin, ruwan ɗumi, sannan a jiƙa a omo awa guda. Wanki biyu yakan isa. Ki laluba aljihunta da jakar makarantar kafin ki jiƙa, domin guntu ɗaya a bokitin ruwan zafi yana iya yi wa kayan gida duka ɗige-ɗige.

Kananzir a tufa yana aiki, ba zan ɓoye miki ba, amma ni na daina. Warinsa sai an yi wanki uku, kuma idan aka manta aka kai wa guga bai gama fita ba, abin ba kyau. Ga shi ana samun gurɓataccen kananzir da aka haɗa da fetur, wanda ya sha fashewa a fitila da risho a ƙasar nan. Wurinsa daben siminti a tsakar gida da ƙyauren ƙarfe, nesa da murhu. Fetur kuwa, na san akwai masu wanki da ke cire tabo da shi, amma tururinsa yana bin ƙasa ya je ya samu wuta a inda ba ki zata ba. Ba rigar da ta kai wannan.

Idan za ki sake saye, ki duba kwalin da aka rubuta ana iya wankewa. Ya fi tsada, amma an haɗa shi ne yadda ruwan ɗumi da sabulu za su ɗauke shi. Ki guji wanda babu sunan kamfani ko adireshi a jiki, tunda yaro mai shekara uku bakinsa yake kai komai. A 1994 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta janye wasu kirayon da aka shigo da su daga Chaina saboda an samu dalma a ciki. Akwai kuma wani mai laushi mai maiƙo da ake sayarwa tare da su, fastel, shi ya fi kirayon ɓata wuri, ba na ɗan shekara uku ba ne. Yaron kuwa zai sake, don ya gano bango ya fi littafi faɗi. Ki buɗe babban kwali ki manna masa a wani lungu daidai tsayinsa, ki nuna masa nan ne nasa. Tunda za a kira mai fenti, Abbansu ya nemi yardar mai gidan a shafa fentin mai daga ƙasa zuwa kamar mita ɗaya da rabi, irin yadda ake yi a azuzuwan firamare da asibitoci, sama kuma a bar emulshan. Gwangwani ɗaya mai lita huɗu yakan isa madaidaicin falo.